Amsa ga mai tambayar karen da idonsa ya yi ja yana runtsewa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na ga tambayarka, ka ce karenka kwana biyu kenan idonsa na hagu ya yi ja, yana runtse shi yana sosawa da ƙafa, ga kwantsa, kuma mai kemis ya ba ka maganin ɗigawa na mutane wai afolo ne, shin ka sa masa ko kuwa. To dan Allah kar ka sa tukuna, ɗauko kwalbar ka karanta jikinta, in ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone ko hydrocortisone to ajiye ta can nesa da karen.

Ni abin nan ya taɓa cina shi ya sa nake maka wannan dogon rubutun. Ina da wata karya ta farauta, Baƙa muke ce mata, mun dawo daga daji da kaka lokacin ciyawa ta bushe ƙarangiya ko'ina, washegari na ga tana rufe ido ɗaya hawaye na zuba. Na ce ƙura ce, na je kemis aka ba ni irin wannan maganin, kuma wallahi kwana ɗaya jan ya ragu har ina murna, a kwana na huɗu baƙin idon ya yi fari fat ya lotsa a tsakiya kamar an danna da tsinke. Da na kai ta wajen likitan dabbobi ya ɗiga wani ruwan kala sai wajen ya yi kore shar, ya ce ciwo ne a saman baƙin idon, ɗan guntun ƙaya ne ya maƙale ƙarƙashin fatar ido yana gogawa duk ƙiftawar da ta yi, maganin da na sa kuma yana kashe ja da kumburi ne kawai amma yana hana ciwon warkewa, ƙwayoyin cuta su samu hanya su yi ta cin idon. Idon bai fashe ba Allah ya taimaka, amma hakiya ta zauna, har ta mutu da gefe guda take kallon mutum.

Shi ya sa a wajena kare in yana runtse ido ɗaya, ɗaya kawai, ina ɗaukarsa a matsayin rauni ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Gwajin kalar nan ko minti biyar ba ya kaiwa.

Kafin ka kai shi, ka samu ruwan dirif na gishiri a kemis, ka zuƙa a sirinji ba allura, wani ya riƙe maka kansa ka wanke idon daga gefe, kwantsar ka goge da auduga mai tsafta. In yana da cizo ɗaure masa baki da ƙyalle, kare mai jin zafi ko mai shi bai sani ba. Sosawar nan kuma ita ke ƙarasa ido, in ba ka da kwalar roba ta asibiti da ake sa wa kare a wuya don hana shi sosawa ka yanke gindin ƙaramin bokiti ka zura masa a wuya, zai yi ta haushi yana buge-buge, rabu da shi. Banda kwalli, banda ruwan sukari, banda nono, duk na ji ana ba da shawararsu kuma ban taɓa ganin wanda suka yi wa rana ba.

Amma ba ka faɗi shekarunsa ba, kuma an yi masa rigakafi? Don in kwikwiyo ne kuma ido biyun ne ke kwantsa mai kauri kamar mugunya, hanci ma na yoyo, ba ya cin abinci, to wannan ba maganar ido ba ce, distempa ake tsoro, wata muguwar cuta ce mai yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma ita takan tafi da kwikwiyo gaba ɗaya, wanda ya tsira wani lokaci a bar shi da karkarwar jiki. Allurarta tun suna sati 6 zuwa 8 ake farawa. Sannan ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsu ko akwai kaska, don zazzaɓin kaska yana fitowa ta ido, ya yi ja ko ya yi hazo har jini ya taru a ciki, ka ɗaga leɓensa in dasashi ya yi fari to sai an ɗebi jini an gwada, maganinsa wajen sati huɗu ake sha ba ɗigo ba. Mu masu shiga daji wajen da tsando yake mun san wani kuma, sammore, kare ya rame yana zazzaɓi idanu biyu su yi fari-shuɗi kamar an shafa toka, mutane su ce makanta ce alhali cutar tana cikin jini.

Masu karnukan waje irin su Boerboel da Rottweiler da Lhasa nasu daban. Wani jan nama ne ke bultsowa a lungun ido ta wajen hanci, kare yana da fatar ido ta uku kuma wannan naman yana cikin masu samar da hawaye, saboda haka kar ka yarda wani ya ce kawo in yanke maka shi, mayar da shi ake yi a ɗinke, in an yanke ido yakan bushe daga baya ka koma ɗiga magani kullum har tsufansa. Wasu kuma fatar idon ce ke naɗewa ciki gashi na gogar ido, shi ma sai aiki.

In da a ce cikin dare ne ka ji yana haushi a lungu ya fito yana kuka ido a rufe da na ce kumurci ne ya tofa masa, wannan ruwa ake kwarara wa idon ba ƙaƙƙautawa kamar minti 15 sannan a nufi asibiti. Naka dai tunda kwana biyu ne yana runtsewa kar ya wuce gobe da safe, in kana kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU, in ba haka ba asibitin dabbobi na gwamnatin jiharku ya isa. Ka tafi da kwalbar da aka ba ka likitan ya gani, kuma ka turo mana hoton idon da rana ba da filashi ba.