Taki Yana Ɗaure Dafi, Ba Ya Kwashe Shi

Ka ce an ba ka aron fili a fadamar da ke ƙasan Kakuri, inda ruwan kwatar masana'antu ya daɗe yana bi kafin ya faɗa kogin Kaduna, kana tambaya ko takin shanu zai wanke shi. To ɗana, ajiye fartanyar tukuna.

Sai ka fara sanin abin da ya ɓata ƙasar. In baƙin mai ne, irin wanda makanikai ke zubarwa, taki yana cin sa. Ƙananan halittun da ke cikin taki, na shanu ko kashin kaji, su ke ruɓar da man. Kai dai ka riƙa juya ƙasar tana shan iska, kana yayyafa ruwa, a hankali warin zai tafi. Amma dalma da danginta ba sa ruɓewa, jikanka ma zai zo ya tarar da su. Iyakar abin da taki zai yi shi ne ya riƙe su gam, kada saiwa ta zuƙa da yawa.

Ni abin da na fi yarda da shi gawayi ne. Ka samo ɓuntun shinkafa ko totuwar masara, ka ƙona a rufe cikin duro, wuta na ci a hankali. Kada ka bari ya zama toka. In ya yi daidai, za ka ga baƙi ƙirin, ba nauyi, ka murza da yatsa ya dagargaje. Ka cuɗa shi da takin da ya ruɓe sosai, wanda ba ya zafi in ka cusa hannu, ka bar su mako biyu, sannan ka kafce su cikin ƙasa. Ɗan toka ma yana da amfani, don yana rage tsamin ƙasa, ƙasa mai tsami kuwa ita ce ke sakin dafi.

Takin bola kuwa, a kul! Na taɓa sayen tifa guda saboda araha, muna bazawa sai ga fasassun batura da ɓawon fenti. Da kuɗina na sayo abin da nake gudu.

Kada ka shuka alayyafo ko latas a wurin, ganye ya fi kwasar dafin, karas kuma a cikin ƙasar yake kwana. Fara da masara, tumatir ko kuɓewa, kuma ka daina ban ruwa da kwatar nan. Yara ma kada su yi wasa a ƙurar. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400.

Gobe ka ɗebo ƙasa daga wurare biyar na filin, ka haɗa a leda mai tsabta. In zan shiga Zariya sai mu kai cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru a auna, kafin ka zuba ko kwando ɗaya.