Lamba 6 da ba shi da jiki: ka duba yadda Wataru Endo ya taso

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce yaron da kake sa wa a lamba 6, wato ɗan tsakiya mai tsayawa gaban 'yan baya, gajere ne, ba shi da gudun kirki, manyan yara suna ture shi, kana tunanin ko ka mayar da shi gefe ka kawo dogo. Kada ka yi saurin haka. Kafin ka yanke hukunci, ka zauna ka kalli wasannin Wataru Endo na Japan, musamman na lokacin da yake Stuttgart ta Jamus, domin amsar tambayarka tana can.

Tsayin Endo mita 1.78 ne, wanda a gasar Jamus ba a bakin komai yake ba, kuma bai taɓa yin suna a gudu ba. Duk da haka, a kakar 2020/21 da ta 2021/22 babu ɗan wasan da ya fi shi yin nasara a artabun mutum da mutum a Bundesliga. Sirrin yana cikin inda ya fara. An haife shi a Yokohama a 1993, ya fara buga wa Shonan Bellmare a 2010, kuma yawancin shekarunsa na Japan a baya ya yi su, cikin 'yan baya uku. Ko da ya koma Urawa Red Diamonds a 2016, inda suka ɗauki kofin zakarun Asiya a 2017, baya ce ta fi yawa a aikinsa. Sai da ya tafi Sint-Truiden ta Beljiyam a 2018 sannan tsakiya ta zama gidansa sosai. Wanda ya yi shekaru yana tsaye a baya ya san abin da ɗan baya yake tsoro: ƙwallon da za a zura a ƙasa ta ratsa tsakiya ta sami ɗan gaba a ƙafa yana fuskantar raga. Da aka matsar da shi gaba, wannan ƙofar ya riƙa rufewa.

To abu na farko ke nan. Ka sa yaronka a baya na wata biyu ko uku a atisaye da wasannin sada zumunta. Zai yi kuskure, za a ci ku ta wajensa, ka haƙura. Ido kake gina masa.

Yanzu maganar turewa. Yaro ƙarami ana ture shi ne saboda ya iso a makare. In abokin hamayya ya riga ya tsayar da ƙwallo ya kafa ƙafafunsa, mai nauyi ne zai ci. Amma akwai ɗan lokaci, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, tsakanin fitowar fasin da taɓawar farko. A lokacin idon mai karɓa yana kan ƙwallo, nauyinsa kuma kan ƙafa ɗaya yake. Nan Endo yake shiga. Yana tashi tun ƙwallo tana tafiya, ya rage gudu a taku biyu na ƙarshe, ya lanƙwasa gwiwa ya sauke ƙugunsa ƙasa da na abokin karawa, ya sa kafaɗa da cinya tsakanin mutumin da ƙwallo. A irin wannan haɗuwa gajarta riba ce, domin dogo ba ya iya turin abin da ke ƙasa da ƙirjinsa sai da hannu, kuma alƙalin wasa na gani.

Ga yadda za ka koya masa. Ka shata fili mita 5 a faɗi, 15 a tsawo. Mai bayarwa a ƙarshe ɗaya, mai karɓa a tsakiya ya ba wa raga baya, yaronka mita 3 a bayansa. Doka ɗaya ce: ba ya motsi sai ƙafar mai bayarwa ta taɓa ƙwallo. Sau 6, kowanne kada ya wuce daƙiƙa 20, hutun minti ɗaya a tsakani, sau biyu a mako. In ya tashi da wuri za a juya shi a wuce, in ya makara za a tokare shi da baya. Abin da ya fi ɓata yara a nan shi ne miƙa ƙafa daga nesa da kwanciya a ƙasa. Lamba 6 da ya zame ya kwanta ya fita daga wasa na daƙiƙa uku, kuma a filinmu na ƙasa da tsakuwa zai tashi da ciwo a banza. Ka hana shi zamewa kwata-kwata na makonnin farko.

Sai tsayuwa. Idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya, kada tazararsa da 'yan bayan tsakiya ta wuce mita 10 zuwa 12. Yaran da suke da zuciya su ne suka fi saɓa wannan, suna bin ƙwallo har bakin layi, mutane na tafa musu, tsakiya kuma ta zama kasuwa. Ka nuna masa wasan da Najeriya ta ci Japan 5-4 a Manaus a gasar Olamfik ta 2016. Endo ne kyaftin ɗin Japan a ranar. 'Yan Samson Siasia, kocin Najeriya a lokacin, sun sauka garin sa'o'i kaɗan kafin wasa, amma kafin minti 15 an yi 2-2, Sadiq Umar ya buɗe, Oghenekaro Etebo ya ci huɗu shi kaɗai. In wasa ya zama kai-komo irin wannan, ɗan tsakiya ɗaya ba ya iya toshe komai, ko waye shi. Darasin ga koci ne: tara 'yan wasa kusa da juna aikinka ne, ba na yaron ba.

Ka kuma koya masa buga ƙwallo da ka. Ƙwallon da Endo ya fi shahara da ita da ka ya ci ta. Ranar 14 ga Mayu 2022, wasan ƙarshe na kaka, Stuttgart da Köln suna 1-1, an shiga ƙarin lokaci, aka bugo kwana, ɗan ƙasarsa Hiroki Ito ya goga ta, Endo ya sa kai a turke na nesa. Wannan ta tsirar da su daga wasan neman tsira daga faɗuwa. Gajere ba ya tsalle da dogo a turke na kusa, yana jiran ta biyu inda ba a kula da shi.

Amma kada in yi maka kwalliya da yawa, salon yana da iyaka. Liverpool ta saye shi a Agustan 2023 kan kusan fam miliyan 16, yana da shekara 30, bayan 'yan tsakiyarta Fabinho da Henderson sun tafi Saudiyya kuma Caicedo da Lavia sun zaɓi Chelsea. Watannin farko sun yi masa nauyi, domin kocinsu Klopp yana tura 'yan bayansa har tsakiyar fili, filin da lamba 6 zai rufe ya yi faɗi, rashin gudu ya fito fili. Daga baya ya kama, har ya buga minti 120 cif a wasan ƙarshe na kofin Carabao da suka ci Chelsea 1-0 a Fabrairun 2024. Da sabon koci Arne Slot ya zo, ya fifita Ryan Gravenberch saboda yana iya karɓar ƙwallo a matse ya juya da ita ya wuce mutum. Endo ya koma mai shigowa a ƙarshe don kulle wasa, a haka suka ɗauki Firimiya a 2024/25. A Japan kuwa, wanda ya je gasar kofin duniya a Rasha a 2018 bai buga ko minti ɗaya ba, shi ne ya riƙe tsakiya ranar da suka doke Jamus 2-1 a kofin duniya na Katar a 2022, kuma koci Hajime Moriyasu ya ba shi kyaftin a 2023.

Don haka in za ka bar yaronka a lamba 6, ka gyara masa ɓangaren da Endo ya sha wahala. Wasan huɗu da biyu a fili mita 12 da 12, shi a tsakiya, taɓawa biyu kacal, minti 10 kullum kafin babban atisaye. Ya waiga kafaɗa sau biyu kafin ƙwallo ta iso, ya karɓa da ƙafar da ta fi nisa da mai bayarwa, jikinsa a karkace yana ganin rabin fili. In ya karɓa yana fuskantar golansa, ka tsayar da wasa a sake. Sannan ka haɗa shi da lamba 8, wato ɗan tsakiya mai kai-komo, mai gudu a gefensa, kada ka tura 'yan bayanka sama fiye da yadda ƙafarsa za ta iya rufewa. Bayan wasa biyar ka ƙirga sau nawa aka ratsa tsakiyarku da fasin ƙasa, ka turo min adadin.