Babur na mutuwa in ana ruwa: kafireta zan saya ko me?

Tambaya daga Gadarif, ƙasar Sudan: Assalamu alaikum Malam. Ina da babur Boxer da nake haya da shi tsakanin kasuwa da unguwanni. Da rani lafiya lau yake, amma tun da damina ta kankama, da zarar ruwa ya tsuge sai ya fara tari, ƙarfi ya ragu, wani lokaci ya mutu a hannuna. In na fake na ɗan jima, sai ya tashi kamar ba shi ba. Wani bakanike ya ce in sayi sabuwar kafireta, wani kuma ya ce CDI ne, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Kuɗin ɗaya ma da ƙyar. Wanne zan saya?

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko ɗaya kada ka saya tukuna. Kafireta da ta lalace ba ta jiran hadari, da rani ma za ta nuna maka hali. Babur da ke mutuwa in ya jiƙe, ya farfaɗo in ya bushe, kusan kullum wuta ce ke zurarewa, kuma wurin da ta fi zurarewa shi ne hular fulogi da wayar da ta taho daga koyil, na'urar da ke ƙara wa wutar ƙarfi.

Wutar da ke tafiya a wannan waya ta haura volt 10,000. Tana neman hanya mafi sauƙi ta isa ƙarfe. In robar hular ta tsufa ta tsattsage, kuma zafin rani na ƙasar nan ba ya raga wa roba, ruwa da laka sai su ba ta gajeriyar hanya zuwa jikin inji, ta ƙi shiga fulogi. Da ka tsaya, zafin inji ya busar da wurin, wuta ta koma hanyarta. Abin da ka gani ke nan.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Bayan magariba, a wuri mai duhu, ka tayar da babur ya yi silo. Ka huda murfin gorar ruwa da allura, ka riƙa fesawa kaɗan-kaɗan: hular fulogi da farko, sai waya, sai koyil a ƙarƙashin tanki, sai makunnin kashe inji a kan hannu. Wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ka dakata ka saurara. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ɓarawon yake. Sau da yawa ma za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, ka ji ƙas-ƙas. Kada dai ka kai hannu kan wayar inji na aiki, fizgar ba ta da daɗi.

In hular ce, ita za ka saya, kuma tana cikin kaya mafi arha a jikin babur. A shago ka matsa robar da yatsa: mai kyau tana da laushi, tana da zoben roba a baki biyu, na wajen fulogi da na wajen waya. Wadda ta yi tauri ko take lilo a kan fulogi, bar musu kayansu. Kafin a ɗaura, a yanke kamar santimita 1 daga bakin wayar, domin nan ne tagulla ke yin kore. Ka haɗa da sabon fulogi mai lamba iri ɗaya da wanda ka cire. Feshin WD-40 yana korar ruwa ya fitar da kai kunya a hanya, amma bai ɗinke tsagewa.

In ka fesa ko'ina inji bai ko girgiza ba, buɗe akwatin tace iska. Soso ko takardar da ke ciki in ta sha ruwa, iska ba ta wucewa, mai ya yi wa inji yawa, ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi kuma ya yi baƙi ƙirin. Soso ana wankewa a busar a ɗan shafa masa baƙin mai. Na takarda sai sabo. Ga kuma abin da ya shafe ku 'yan Gadarif musamman: baƙar lakar nan mai danƙo tana toshe siraran bututun da ke rataye ƙarƙashin kafireta, waɗanda take shaƙar iska da su. In sun toshe, mai ba ya sauka daidai. Tsinke ya ishe su. Na fi zargin wannan ne ya sa bakaniken farko ya kama sunan kafireta.

CDI shi ne na ƙarshe a layi. A rufe yake ruf, abin da ke jiƙewa soket ɗinsa ne. In har za ka saye shi, bakanike ya fara ɗaura maka nasa mai aiki a gwada da ruwa.

Tambaya daga Kasala: Malam, nawa ko an ɗauke ruwa bai warkewa. Kwana biyu yana shaƙewa in na ja totur, ya fi tsanani in na juya famfon mai kan rizab, wato man ajiya.

Ɗan'uwa, naka ruwa ne a cikin mai. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, rizab kuwa daga gindin yake ja. Ka bari inji ya huce, nesa da wuta da masu sigari, ka rufe famfon mai, ka kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta, ka tara da kwalba mai haske. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, mai na bisa. Ka tsiyaye tankin ma. Sannan ka nemi ƙofar da ya shigo: ko robar murfin tanki ta mutu, a saya, ko kuwa a cikin man ka saye shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutane da yawa sun koma sayen mai a jarka da kwalabe, kuma durom da ya kwana a ruwa ba a rasa shi da ɗigo. Ɗaga kwalbar ka duba gindinta kafin a zuba maka, kuma ka guji na ƙarshen jarka.

Tambaya daga Mai Wurno: Ɗana ya shiga kududdufi da babur, ruwa ya kai wajen kujera, ya mutu. Mu tura shi ya tashi?

A'a, Baba, kada a tura, kada a yi kik. Ruwa ba ya matsuwa; in yana cikin silinda aka tilasta fistin, sandarsa na iya lanƙwashewa, aikin ya koma na buɗe inji. A cire fulogi, a zubar da ruwan akwatin iska da na salansa, sannan a yi ta kik babu fulogi har feshin ruwa ya daina fita ta ramin. A tsiyaye kafireta. A zaro ma'aunin baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo, a ɗan yi tafiya a sake dubawa, in bai washe ba a sake juyewa. Birki ma zai yi santsi, yaron ya riƙa taɓa shi a hankali har ya bushe kafin ya hau titi.