Furen iris na ruwa zai iya rayuwa a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Sabon Gari cikin Damagaram. Muna da wani kwarmin ruwa na siminti a tsakar gida, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1, kuma gefensa kullum a jiƙe yake. Na ga hotunan furen iris da ake shukawa a bakin tafki, ya ba ni sha'awa ƙwarai. Zai yi a ƙasarmu kuwa? In zai yi, cikin ruwan zan sa shi ko a gefe? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Za ki iya gwadawa, amma tun daga zaɓen iri ake cin nasara ko a faɗi. Yawancin iris da kike gani a hotuna na ƙasashen sanyi ne. Na Japan (Iris ensata da Iris laevigata) da na Saiberiya (Iris sibirica) sai sun sha dogon sanyi mai tsanani kafin su yi fure, hunturunmu kuwa bai kai can ba. Iris ensata ɗin ma ba ya jure ƙasa mai kanwa ko kaɗan. Akwai kuma wanda aka fi sayarwa, Iris germanica, shi ba na ruwa ba ne sam, in kika sa shi a laima saiwarsa ruɓewa za ta yi.

Wanda muke ba ki shawara ki nema shi ne iris na Luwiziyana, wanda asalinsa daga fadamun kudancin ƙasar Amurka yake, wajen da kogin Misisipi ke faɗawa teku. Ya san zafi. Abin da ya fi muhimmanci ma shi ne tsarin rayuwarsa ya dace da shekararmu: yana girma ne a lokacin sanyi, ya yi fure a ƙarshensa, sannan ya yi likimo idan zafi ya kankama. Don haka lokacin shuka a nan shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. Wanda ya shuka a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya yi asarar kuɗinsa.

Ba ƙwaya ake shukawa ba, saiwa ce mai kauri da ke tafiya a kwance, kamar ɗanyar citta. Ki zaɓi mai tauri wadda ba ta wari, ki rage ganyenta zuwa santimita 15 ko 20. Ƙasar da za ki haɗa ita ce kashi 2 na lakar fadama, kashi 1 na takin shanu da ya ruɓe sarai har ya koma baƙi. Yashin jigawa ba ya riƙe ruwa, ɗanyen taki kuma zai ƙone saiwa ya mai da ruwan kwarminki kore. Ki zuba a baho ko rabin tano mai faɗin aƙalla santimita 40, domin saiwar gefe take tafiya, ba ƙasa ba. Ki kwantar da ita, ki rufe da ƙasa kaurin santimita 3, ki bi da tsakuwa a sama don kada lakar ta narke cikin ruwa. In a ƙasa ne, ki bar tazarar santimita 40 zuwa 60 tsakaninsu.

Kuskuren da ya fi kashe sabuwar shuka shi ne nutsa ta cikin ruwa ranar farko. Saiwar da ba ta kama ba, ba ta iya numfashi a ƙarƙashin ruwa. Ki bar ƙasar a jiƙe kawai har mako 3 zuwa 4. Idan sabon ganye ya fito daga tsakiya, sai ki ɗora bahon a kan bulo cikin kwarmin, yadda ruwa zai rufe saman ƙasar da santimita 5, kada ya wuce 10. Ganyen dole ya kasance a sarari.

Ga tambayarki ta ciki ko gefe, mu mun fi son gefe. Ruwa mara zurfi a cikin siminti yana ɗaukar zafi sosai da rana, ga kuma sauro. In kika binne baho a wannan gefen mai laima, kika huda shi a jiki santimita 5 ƙasa da saman ƙasar, gindin zai zauna cikin ruwa kullum, saman kuwa babu ruwa kwance da sauro zai yi ƙwai. In kuma lallai cikin kwarmin kike so, ki saka ƴan ƙananan karfasa su riƙa cinye tsutsar sauro.

Sai batun rana. Littattafan Turai za su ce a ba shi rana yini guda, amma wannan ba da ranar Damagaram ake ba. Ki ba shi hantsi, awa 5 zuwa 6, daga azahar kuma ya samu inuwar katanga ko ta bishiya. Saiwar tana yawan tasowa saman ƙasa, kuma in rana ta doke ta kai tsaye sai ta ƙone, ta yi laushi, ta ruɓe. Tun daga Maris ki lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin santimita 5 zuwa 8. Ganye zai yi rawaya ya ragu a bazara, kada ki zaci ya mutu ki tumɓuke, kada kuma ki bari ƙasar ta bushe.

Abin da ya fi damun mu a yankin nan shi ne kanwa da gishiri. Wannan shuka tana son ƙasa mai ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH wajen 6 zuwa 6.5. A bazara kwarmi irin naki zai iya rasa kusan santimita 1 na ruwa a rana, wato lita 20, jarka guda ke nan daga ƴan ga-ruwa, kuma kin san tsadar ruwa a garin nan, sai ki yi lissafi tun yanzu. Ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan, kullum kika ƙara ruwa yana daɗa taruwa. Alamarsa farin ɓawo a bakin baho, da sabon ganye mai rawaya alhali jijiyoyinsa kore ne, domin kanwa ta hana saiwa jan sinadarin ƙarfe. Sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa mai yawa ya malale ya wanke ƙasar, da damina ki tari ruwan indararo, shi ya fi kowane ruwa. Garin farar wuta, ƙaramin cokali ɗaya a baho, yana ƙara wa ƙasa tsami sannu a hankali cikin makonni. Toka kuwa kada ta kusance shi, ko da kin saba zuba wa sauran shuke-shuke.

Iris yana da cin taki. Wata guda bayan shuka, ki dunƙule ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani 15-15-15 cikin laka, ki cusa a gefen baho nesa da saiwa, ki maimaita a Janairu, ki daina da zarar karan fure ya leƙo. Sau da yawa shekarar farko ganye kawai ake samu. Kowace saiwa sau ɗaya take fure, ƴaƴan da ta fitar a gefe su ne na baɗi, shi ya sa bayan shekara 2 ko 3 ake tonewa a Oktoba, a yar da tsohuwar, a sake dasa sabbin.

Ganye da saiwar iris guba ne ga awaki da tumaki da shanu, ruwansa kuma yana sa ƙaiƙayi a fata, don haka ki killace wurin, ki hana yara wasa da shi, ki wanke hannu bayan aiki. In wani ya kawo miki mai rawayan fure da ake kira Iris pseudacorus, ki tsare shi cikin baho, ki yanke kan furen kafin ya yi ƙwaya, domin ƙwayarsa kan ruwa take yawo, ya kuma mamaye fadamu a ƙasashe da dama. Mun ga yadda kacalla ta cinye tafkuna a jihar nan. Ragowar saiwar da kika cire, ki shanya ta bushe ki ƙone, kada ki zubar a tafki ko magudanar ruwa.