Koyon Tuƙa Jirgin Rimot a Laftop: A Raba Rumbu Ko A Goya Windows?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na haɗa ƙaramin jirgi mai rimot da hannuna, sau biyu ina tayar da shi yana rikitowa, farfela biyu ta tafi. An ba ni shawara in fara koyo a RealFlight, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, amma kwamfutata MacBook Pro ce ta hannu, ƙirar 2017. Wani ya ce in sa Boot Camp, wani ya ce Parallels ya fi sauƙi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya ce ka fara da manhaja ya yi maka gata, domin a can ko sau ɗari ka faɗi, maɓalli guda za ka danna jirgi ya dawo sabo. RealFlight kuwa don Windows kaɗai aka yi ta, shi ya sa dole sai ka nema wa Windows mazauni a kwamfutarka.

Boot Camp raba gida ne. Yana yanka rumbun ajiya biyu, macOS a ɓangare guda, Windows a ɗaya. Idan ka kunna kwamfuta ka riƙe maɓallin Option, sai ka zaɓi wanda za ka shiga, wanda ka zaɓa kuma shi ke da gidan baki ɗaya: masarrafi, RAM da katin hoto duk nasa ne. Parallels kuma goyo ne. macOS tana tsaye tana aikinta, Windows yana goye a bayanta, duk abin da yake so sai ya bi ta hannunta. Ga mai rubutu da lissafi, goyon nan ba shi da laifi ko kaɗan. Ga mai koyon tuƙi kuwa akwai magana.

Abin da kake koyarwa a wannan manhaja yatsunka ne. Kana so su saba cewa da zarar fiffike ya karkata, babban yatsa ya riga ya gyara kafin ka yi tunani. Idan allo yana nuna hotuna 60 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto kusan kashi 17 ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan suka sauko zuwa 30, tazarar ta ninka. Ƙara da cewa a goyo, motsin sandar rimot sai ya ratsa macOS kafin ya isa Windows, hoton ma sai an fassara shi kafin ya fito. Jinkirin ɗan kaɗan ne a ido, amma hannu yana jin sa. Sai ka riƙa tura sanda fiye da kima saboda jirgi bai amsa da wuri ba, ka saba da hakan, ranar da ka fita fili kuma jirgin gaske ya amsa nan take, ya juye maka. Na fi jin tsoron wannan mugun sabo a kan duk wata matsala, musamman wajen sauka da lokacin da jirgi ya fuskanto ka, hagu ta koma dama.

Saboda haka ka bi Boot Camp. Kwamfutarka mai masarrafin Intel ce, tana karɓarsa, kuma yana cikinta kyauta. Apple ya ce a tanadi aƙalla gigabait 64, ya fi son 128. In rumbunka 128 ne gaba ɗaya, ka ga wuri zai yi maka ƙunci. Kafin ka taɓa komai ka kwafe takardun karatunka a wani rumbu na waje, ka kuma cika batir, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar rabo. Ka sani kuma Windows 10 ne Boot Camp ke ɗauka, Microsoft kuwa ya daina ba shi kulawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Ka bar wannan ɓangare ga jirgi kawai, harkar banki da imel su zauna a macOS.

Ka duba girman allonka. Mai inci 15 na wannan shekara tana da katin Radeon Pro, za ta ja da kyau. Mai inci 13 hoton Intel Iris ne da ita, sai ka rage inuwa da hayaƙi da adon fili a saitin manhajar. Gara fili marar kyau da jirgi marar amsawa. A watannin Maris da Afrilu kuma ka ɗaga gindin kwamfutar daga kan katifa, domin in ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai ka ga hoto yana tsinkewa ka ɗora wa manhaja laifi.

Tambaya: Malam, tawa MacBook Air ce mai M1. Na nemi Boot Camp ban gani ba. In biya kuɗin Parallels?

Amsa: Ba za ka gan shi ba, ɗan'uwa. Tun da Apple ya fito da M1 a Nuwamban 2020, kwamfutocin da ke ɗauke da masarrafinsa ba su da Boot Camp. Goyo kaɗai ya rage, shi ma Windows 11 na Arm ne, wato na irin masarrafin M1, wanda sai ya sake fassara manhajojin da aka rubuta don Intel. Fassara a kan fassara ke nan. Sannan ƴar na'urar USB da ke buƙatar direbanta na musamman da aka yi wa Intel ba za ta yi aiki a can ba.

Ni dai ba zan ce ka biya kuɗin shekara don wannan ba. Ka sauya manhaja maimakon ka wahalar da kwamfuta. aerofly RC ta kamfanin IPACS na Jamus tana aiki a Mac kai tsaye. Mai son helikwafta yana da neXt da Heli-X. Mai son dron na tsere yana da Liftoff da VelociDrone. In ka nace sai ka gwada goyon, VMware Fusion, mai aiki irin na Parallels, ya zama kyauta tun 2024, ka fara da shi, ka tabbata ka miƙa rimot ɗin ga Windows a jerin na'urorin USB. Abin da ka saya a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kuma kana iya neman a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14, muddin ba ka kai awa 2 kana amfani da shi ba. Awa biyun nan sun isa ka gane ko hoto yana tafiya sumul.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 14 ya ƙwallafa rai a kan jiragen nan. Laftop ɗin gidanmu Ubuntu ke kanta, mahaifinsa na aiki da ita. In saya masa wata, ko in sa a ƙara mata Windows?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi. Kada ki sayi wata tukuna, kada kuma a taɓa rumbun kwamfutar da ake neman abinci da ita saboda gwaji. Kuɗin ki sa a rimot na gaske, irin RadioMaster Pocket ko Boxer. Waɗannan ana jona su da wayar USB, a zaɓi Joystick a allonsu, kwamfuta ta gane su ba tare da wani ƙari ba, kuma da shi ɗin zai tuƙa jirginsa na gaske daga baya. Ki ce a ba ki Mode 2, mai totur a hannun hagu, shi ya fi yawa a hannun mutane, zai fi samun mai koya masa. A kula da waya: wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai, kuma su ne suka fi sa mutane zaton rimot ya lalace.

Manhajar CRRCSim kyauta ce kuma tana aiki a Linux, wanda Ubuntu nau'insa ne. Liftoff ma tana aiki a can ga mai son dron, amma ita ta kuɗi ce. PicaSim ma kyauta ce a wayar Android, ta ƙware a jirage masu shawagi ba inji. Ki ba shi wata uku, minti ashirin kullum bayan ya gama aikin makaranta. In ya iya sauke jirgi sau goma a jere a kan titin sauka, ki sake rubuto mini da sunan laftop ɗin da girman rumbunta, mu duba ko za ta ɗauki Windows a gefe.