Bakin mawaƙi da muryarsa sun raba hanya a bidiyona

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki a Aboabo, nan Kumasi. Kwanan baya na ɗauki wani mawaƙi da 'yan amshinsa da masu kalangu, da kyamara ɗaya da waya. Da na zauna tacewa sai ga hoto yana ƙyaftawa, sauti ya fashe, can gaba kuma bakin mawaƙin da muryarsa kowa ya kama gabansa. Ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Mu fara da sauti, don mai kallo yakan haƙura da hoto mai duhu, amma ba ya zama ana fasa masa kunne. Makirufon kyamara bai iya da lasifikan biki ba. Ka isa da wuri, ka gaisa da mai kayan sauti, ka roƙi kebul ɗaya daga mikisa, wato na'urar da ke haɗa duk sautukan wurin, zuwa ƙaramar rakoda. Ka bar ma'aunin ƙarfin sautinta yana wasa wajen -12, ƙasa da sifili inda sauti ke fashewa, domin idan kalangu ya ɗau zafi sautin hawa yake yi. Ka ajiye wani makirufo yana fuskantar jama'a. Abin da ke fitowa daga mikisa busasshe ne, babu guɗa, babu tafi, sai ka ce ba biki ake ba.

Ƙyaftawar kuwa daga fitila take. Wutar Gana 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya fi dacewa da wutar Amurka mai 60Hz. Ka mai da komai hoto 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, 1/50. In an ɗauke wuta aka tada janareto, sake duba allonka, ƙaramin inji ba ya tsayawa daidai.

Rabuwar baki da murya aikin waya ne: saurin ɗaukarta yana canzawa ba ka sani ba. Ka bi da fayil ɗin ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, ya koma 25 tsayayye kafin ka shigar da shi manhajar tacewa irin DaVinci Resolve ko Premiere. A wurin ɗauka kuma ka tafa sau ɗaya a gaban kyamarorin don ka sami alamar daidaita hoto da sauti wajen tacewa, kada ka kashe ko ɗaya sai waƙa ta ƙare.

Wayar nan ka kafa ta a kan sanda, sama da kawunan mutane, ta haɗa dandalin duka. Da an fara liƙi za ka gode mini, don hajiyoyi ba sa tambayar mai kyamara kafin su tsaya a gabansa. Kai kuma ka bi fuskar mawaƙi da hannun mai kalangu inda yake matse tsarkiya. Ka daina wasa da zum.

Wajen tacewa, waƙar ce za ta gaya maka inda za ka yanka. Mawaƙi ya ajiye baiti, 'yan amshi sun karɓa, nan ne gaɓarka. In ya ambaci sunan uwar amarya, fuskarta ake son gani, ko da ba ita ce ta fi fitowa da kyau ba.