Baba ba jahili ba ne, layin a, b, c ne bai shiga kansa ba

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya. Ka ce Baba ya haddace izu sittin amma ya kasa nemo suna a waya, ko karatun allo ne ke toshe kai. Wallahi ba shi ba ne. Ni ma ɗan allo ne a Aboabo, cikin Kumasi, sai da na haura talatin na san boko.

Wata rana a wani ofis a Adum, yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce in rubuta sunana. Na rubuta da ajami, daga dama, da hannu mai kyau. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta yi dariya, ta turo mini tawadar dangwale. A gaban ɗana! Sa'ar ƙanwata ce fa. Har ta kira ta kusa da ita ta zo ta gani. Na dangwala, na fito, har muka kai Kejetia ban ce uffan ba, yaron ma bai ɗago kai ba. Tawadar ta kwana biyu a yatsana. Na yafe, amma ban manta ba.

Mu an koya mana mu ajiye abu a ka, a ja mana baƙi mu ƙarasa. Waya kuwa an gina ta ne don mai nema. Komai a jere yake, a kafin b, kuma in ka kuskure harafi ɗaya sunan ya ɓace. Yau ko lambar uwargida ban riƙe ba, ni da nake biya izu guda kafin asuba. Wannan na damuna.

Kuma bokon ma ba cikakke ba ne. Rubuta gari, ka gaya mini na zama ne ko na tuwo. Ajami zai sa alif ya raba gardama. Malam Umaru na Karachi (Kete-Krachi ta Ghana), wanda ya rasu a 1934, da me ya rubuta waƙoƙinsa?

Kada ku riƙa fizge wayar kuna cewa kawo in yi maka, wannan ya fi komai ciwo. Sa masa haruffan Larabci a Gboard, manhajar rubutu ta waya, ya adana sunayen da hannunsa. Saƙon murya na WhatsApp ma ya ishe shi. Lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuwa a bar masa, a kansa ta fi tsira. Jikokin nan dai kada a cire su daga makarantar allo don an sayo musu kwamfuta, ni nawa bayan la'asar dole su tafi.

Ka gaishe mini da Baba, ya sa mu a addu'a.